Dishi-dishin hoto a wasannin burauza: sayen ƙarin data ba shi ne mafita ta farko ba

Duk wanda ya taɓa buga wasa ta GeForce NOW ko Xbox Cloud Gaming a cikin burauza ya san wannan takaicin. Hoto na tafiya tas, da mota ta sha kwana ko aka shiga wuri mai ciyawa, sai allo ya koma dishi-dishi kamar an shafa masa mai. Yawancin 'yan wasa kan ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, su garzaya su sayi tsarin intanet mai tsada. Sau da yawa asarar kuɗi ce kawai.

Wasan ba a kwamfutar mutum yake gudana ba. Wata babbar kwamfuta ce a nesa ke gudanar da shi, abin da ke isowa bidiyo ne da aka matse. Da zarar layi ya fara tangal-tangal, sai manhajar ta rage nauyin bidiyon, domin ta gwammace hoto ya dushe da wasa ya tsaya. Ke nan daidaiton layi ya fi gudunsa muhimmanci. Kamfanin NVIDIA megabit 25 kacal yake nema a daƙiƙa don hoton 1080p, 15 kuma don 720p. Layi mai 30 da ba ya rawa ya fi mai 100 da ke hawa da sauka.

Saboda haka daga gida ya kamata bincike ya fara. A koma Wi-Fi na 5GHz a bar na 2.4GHz, in da hali ma a jona waya kai tsaye daga rauta. A rufe sauran shafuka, a dakatar da duk abin da ake saukewa.

Sai burauzar kanta. A Chrome da Edge akwai maɓalli a sashen System da ke miƙa aikin warware bidiyo ga katin hoto. Idan a kashe yake, nauyin kan koma kan babban injin kwamfutar, hoto ya riƙa sarƙewa. A mayar da girman shafi kashi 100 ta danna Ctrl da 0, a buɗe cikakken allo. Masu Xbox kuma su gwada Edge, inda Microsoft ya saka Clarity Boost don ƙara wa hoto kaifi.

Akwai abin da saiti ba ya gyarawa: nisa. NVIDIA na son jinkiri ya kasance ƙasa da milisakan 80, kuma mai wasa daga Kano ko Yamai ta VPN zuwa Turai ya ƙara wa tafiyar zango ne. Ga shi megabit 25 na cin kimanin gigabait 11 a awa guda. Ga irin wannan, zaɓar 720p tun farko ya fi alheri: hoto madaidaici da ba ya sauyawa, data kuma ta daɗe.