Uwargida, Wasa Ma Yana Da Karatu

 

A wannan wata ina so mu tattauna kan abin da ke ci wa iyaye mata da dama tuwo a ƙwarya, musamman a yankinmu na Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja da Ƙafur, wato yaron da ƙwallo ya shiga ransa. Kin san irinsa. A aike shi kai abinci gona, sai a tsinci kwanon a gefen fili. Ya san sunayen 'yan wasan Turai fiye da yadda ya san na kawunnansa, kuma ɗan kuɗin da ya samu a ƙwadago ƙarshensa gidan kallo.

Iyaye sun kasu biyu a kan irin wannan yaro. Wasu duka da zagi ne kullum, har yaron ya koyi ɓoye takalminsa a gidan maƙwabta. Wasu kuma sun saki jiki, suna jiran ranar da zai tafi Turai ya gina musu bene. To uwargida, akwai hanya ta uku, ita ce ta makaranta. Harkar wasanni tana da karatu har jami'a, kuma tana da ayyukan da mutum zai riƙe iyali da su ko da bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba.

A yi hattara da dillalan Turai

Gaskiya ne Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Holan a 2010, daga nan ya wuce Rasha, sannan Ingila. Amma ki tambayi kanki, yara nawa suka yi wasa tare da shi a lungu, kuma ina suke yau? Ɗan wasa ƙarfinsa ne jarinsa, mafi yawansu kafin su kai shekara 35 sun ajiye takalmi, wani kuma targaɗe ɗaya a gwiwa ya isa ya zaunar da shi tun yana ɗan ashirin.

Wannan buri na yara shi macuta ke amfani da shi. Mutum zai zo da takardu masu hatimi, ya ce ya samo wa yaro ƙungiya a waje, a kawo kuɗin fasfo da biza da jirgi. Sai a ɗebi buhunan masara a kai kasuwar Ɗandume, wani har ya jinginar da gona. Daga nan ko dillalin ya yi layar zana, ko a kai yaron wata ƙasa a yasar da shi, ba abinci ba kuɗin dawowa. Ki riƙe abu biyu. Na farko, dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa masu tsauri. Na biyu, ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke kashe masa kuɗi. Duk wanda ya ce ki fara biya, ki ja jikinki, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Me ake karantawa, kuma a ina?

Fannin da ya fi kusa shi ne ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, wanda yara ke kira PHE. Kada ki ɗauka guje-guje da tsalle-tsalle kawai ake yi. Ana koyon yadda ƙashi da tsoka da zuciya ke aiki, abincin da jiki ke buƙata, taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni ko ya suma, tsaftar jiki da muhalli, dabarun koyarwa, da yadda ake shirya gasa da tafiyar da ita.

Mu a wannan yanki Allah ya yi mana gata, domin makarantun ba su yi mana nisa ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana Samaru a kan hanyarmu ta shiga Zariya, kuma tana da wannan sashe a tsangayar ilimi. Haka Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma. Digirin shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Wanda bai samu haka ba zai iya farawa da NCE ta shekara 3 a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsinma, in ya gama ya nemi jami'a ya fara daga aji biyu. Abin da ake nema daga sakandare shi ne kiredit 5, ciki har da Turanci da Lissafi da darasin kimiyya kamar Bayoloji.

Fanni na biyu shi ne na likitan fisiyo, wanda muka fi sani da likitan gashin ƙashi. Shi ne kike gani ya ruga cikin fili da jaka idan ɗan wasa ya faɗi, amma mafi yawan aikinsa a asibiti yake, wajen masu shanyewar ɓarin jiki, masu ciwon baya, waɗanda aka cire wa filasta bayan karaya, da yaran da suka makara ba su zauna ko sun yi tafiya ba. Jami'ar Bayero ta daɗe tana koyar da shi, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a cikin garin. Karatun ba ya gaza shekara 5, sai horon shekara 1 a asibiti da rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a. Dole yaro ya yi ƙarfi a Bayoloji, Kemistiri da Fizik, kuma ana rububin gurbin sosai.

Wanda kuma horar da 'yan wasa ko tafiyar da ƙungiya yake so, akwai Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974. Shi kuwa mai zaƙin baki, wanda ya iya ba da labarin wasa kamar a gabanki aka buga, ya karanta aikin jarida, domin gidajen rediyo da talabijin na Hausa duk suna da filin wasanni.

Wane aiki za a samu?

Babban aikin mai PHE koyarwa ne, tun da ana yin darasin a firamare da ƙaramar sakandare. Bayan wannan akwai wayar da kan jama'a a sashen lafiya na ƙananan hukumomi, aiki a hukumar wasanni ta jiha, horar da ƙungiyoyi irin su Katsina United, alƙalancin wasa, da kula da wuraren motsa jiki a manyan birane. Masu kayan sarki ma, kamar soja da 'yan sanda da kwastan, suna da sassan wasanni.

Ba zan ɓoye miki ba, albashin malami ba mai yawa ba ne, kuma yau ba kowane mai digiri aiki ke jira ba. Amma mai takarda yana da abin kamawa har tsufansa, kuma malamin da ke Bakori ko Ƙafur bai rabu da gonar gidansu ba. Sannan karatun ba ya hana wasa. Jami'o'i suna da gasarsu ta ƙasa, in yaro gwani ne za a gan shi a can.

'Ya'yanmu mata fa?

Nan ne na fi so ki tsaya ki yi tunani, uwargida. Kullum muna ƙorafin cewa namiji ne ke fitar da 'yan matanmu motsa jiki a makarantar kwana. Muna kuma ganin tsohuwar da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki ta ƙi komawa gashi a asibitin Shika ko babban asibitin Funtuwa, saboda kunyar namiji ya kama ƙafarta, har gaɓar ta sandare. A asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, wasu matan doguwar naƙuda kan bar su da ƙafa mai ja, wadda sai da gashi da atisaye take dawowa. Wa ya fi dacewa ya yi musu wannan aiki? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In ba mu tura 'ya'yanmu sun karanto ba, daga ina matan za su fito?

Na san abin da ke ranki shi ne sutura, kuma kina da gaskiya. Addininmu bai hana mace motsa jiki ba, domin ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA). Abin kiyayewa shi ne tsiraici da cakuɗuwa. Duniya ma ta fara saukowa, domin tun 2014 aka amince mace ta buga ƙwallo da ɗankwali a kanta, kuma a gasar duniya ta mata ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da hijabinta. Riga mai dogon hannu da wando mai yalwa da hijabi sun isa a yi darasin fili. In kina da shakka, ki je sashen tare da maigida, ku ga yadda ɗalibai mata ke shiga, ku yi tambaya.

Mu kanmu muna da buƙatarsu. Iyayenmu daka da surfe da ɗibar ruwa sun ishe su motsa jiki. Mu kuwa a gari injin niƙa ya karɓi turmi, ko maƙwabta za mu sai a kan babur, ga ciwon suga da hawan jini sun yi sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma minti 60 a kullum. Macen da ta karanci wannan fanni za ta iya buɗe wurin atisaye na mata zalla a cikin gidan aurenta, ta samu abin rufin asiri.

Daga ina za ki fara?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yi ciniki da yaron tun yanzu: ƙwallo da yamma, bayan an taso Islamiyya an kuma gama aikin makaranta, in sakamako ya yi ƙasa a rage fili. Ki nuna masa cewa Bayoloji da Lissafin da yake gudu su ne mabuɗin abin da yake so. Lokacin shiga babbar sakandare ki tabbatar ya ɗauki ajin kimiyya. Ki sa yayansa ko babansa ya gana da malamin wasanni na makarantar, shi zai faɗi gaskiya ko yaron gwani ne ko sha'awa ce kawai. Kafin a cike JAMB a duba littafin wannan shekarar, domin sharuɗɗa da sunayen sassa kan sauya. Da kaka kuma a ware buhu ɗaya ko biyu na masara ko waken suya da sunan kuɗin rajista. Maganar da maigida ki kai ta a lokacin da yake cikin nishaɗi, da lafazi mai taushi, kada ki bari sai ranar da yaro ya yi laifi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani da sana'a ta halal. Ina jiran wasiƙunku, musamman daga iyayen da 'ya'yansu ke wannan karatu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.