Sharhi: Mene Ne Masu Tuna Yekini Suke Kewa?



Duk inda masu sha'awar ƙwallon ƙafa suka haɗu, a teburin mai shayi ne ko a ƙofar gidan kallo kafin a tayar da janareta, ba a jimawa sai wani mai furfura ya ce yaran yanzu ba su ga ƙwallo ba. Daga nan sai a ɗauko Rashidi Yekini. A tuno ranar 21 ga watan Yunin 1994 a birnin Dallas na Amurka, lokacin da Finidi George ya turo ƙwallo a ƙasa daga dama, Yekini ya sa mata ƙafa ta shige ragar Bulgeriya, shi ma ya bi ta ciki, ya damƙi ragar da hannu biyu yana jijjigawa yana ihu. Ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, aka kuma tashi uku da nema. To amma a duba ƙwallon da kyau: ba wata bajinta a cikinta, domin raga a buɗe take, taɓawa kawai ya yi. Ke nan ba gwaninta kaɗai ce ta sa mutane suka riƙe ta fiye da shekara talatin ba. Abin da suke kewa shi ne zamanin da ɗan wasan da ke girgiza duniya yake na gida, wanda aka ga tasowarsa da ido.

Hujjar tana cikin sunayen da ake ambata. A Kaduna aka haifi Yekini, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara taka leda, kafin ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, ya wuce Africa Sports ta Abidjan, sannan Vitória Setúbal ta ƙasar Fotugal. Daniel Amokachi, wanda ya ratsa 'yan bayan Girka ya ɗirka ƙwallo a saman raga a wannan gasa, ɗan Kaduna ne, kuma daga Ranchers Bees koci Clemens Westerhof ya ɗauko shi yana matashi. Ita kanta Ranchers Bees asalinta DIC Bees ce, ta masana'antar ƙera kayan yaƙi da ke garin. Celestine Babayaro da ya ci Ajantina da ka a wasan ƙarshe na Olamfik a 1996, da Garba Lawal da bugunsa ya sa golan Sifaniya Zubizarreta ya tura ƙwallo cikin ragarsa a kofin duniya na 1998, da Tijjani Babangida da ya zura wa Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Legas a shekarar 2000, dukkansu haifaffun Kaduna ne. Gari ɗaya ya ba ƙasa wannan zubin 'yan wasa a cikin shekaru kaɗan, a daidai lokacin da masaƙu ke aiki, kamfanoni ke riƙe da ƙungiyoyi, ma'aikaci kuma ke iya tashi daga aiki ya nufi filin wasa na Ahmadu Bello. Da masaƙun suka durƙushe, har da wannan hanya aka rasa.

Wani zai ce ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ƙwaƙwalwa tankaɗe take yi, ta ajiye daɗi ta zubar da ɗaci. Akwai gaskiya a nan. Masu ba da labarin Dallas ba su cika son a tuna musu yadda daga baya a gasar Roberto Baggio na Italiya ya farke ana saura minti biyu a tashi, ya kuma ci fanareti a ƙarin lokaci, Italiya ta kore mu alhali da mutum goma take wasa. Masu yabon dukan da Sunday Oliseh ya yi wa Sifaniya daga nesa a 1998 sukan tsallake huɗu da ɗayan da Denmark ta yi mana a zagaye na gaba. Haka kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye tawagar daga kofin Afirka na 1996, aka hana mu shiga na 1998, zakarun nahiya suka zauna a gida suna ganiyarsu. Sai dai duk wannan yana rushe maganar wanda ya ce zamanin da ba shi da aibu ne kawai. Bai taɓa batun inda aka reni 'yan wasan ba, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Wani kuma zai ce me ya rage mana yanzu, tunda Victor Osimhen ya zama gwarzon Afirka a 2023, Ademola Lookman ya karɓa a 2024, kamar yadda Yekini ya yi a 1993? Babu mai ja da ƙwarewarsu, wataƙila ma sun fi na da samun horo da kulawar likitoci. Amma a Landan aka haifi Lookman, can ya koyi ƙwallo, Osimhen kuma daga makarantar horar da yara a Legas ya wuce Jamus bayan kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 na 2015. Ɗan kallo a Kano ko Jos ya san su ne ta allon talabijin, daidai yadda ya san 'yan Arsenal da Barcelona. Yana alfahari da su, to amma ba zai iya nuna wani fili ya ce a nan na fara ganinsa ba.

Shi ya sa matsayin Ahmed Musa ya bambanta a zukatan mutanen Arewa. Ƙwallaye biyun da ya ci Ajantina a 2014 da biyun da ya ci Iceland a 2018 sun sa ya fi kowane ɗan Najeriya cin ƙwallo a kofin duniya, amma kafin duniya ta san shi, 'yan "Sai Masu Gida" sun kalle shi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Kuma kada a ce gasar cikin gida ta daina haihuwa. A 2013 marigayi koci Stephen Keshi ya tafi gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida, ana ta sukarsa, sai ga ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta fitar da Cote d'Ivoire ta su Didier Drogba, ya kuma ci ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso. Wannan shi ne kofin Afirka na uku da Najeriya ta ɗauka, bayan na 1980 da na 1994.