Shaihu Umar: Littafi Yana Hannu, Fim Ya Yi Nisa



Duk wanda ya yi makaranta a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, da wuya a ce bai taɓa riƙe Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, wanda aka buga a 1934. To, mutum nawa ne cikinmu ya ga fim ɗinsa? Adamu Halilu ya shirya shi a 1976, da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Daga nan shiru. Sai a 2016 aka tono faifansa cikin ƙura a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, mutanen Berlin suka kalle shi a 2018. Mu masu harshen muna nan muna jira. Sakaci ne, jama'a, sakacin waɗanda aka ba amanar adana kayan tarihinmu.

Littafin ɗan siriri ne, fim ɗin kuwa ya haura awa biyu. A takarda, Shaihu na zaune a Rauta yana ba almajiransa labari cikin natsuwar wanda ya riga ya miƙa wuya ga ƙaddara, har satar da aka yi masa yana yaro sai ta wuce cikin 'yan layuka. Mai karatu shi ke cike sauran da zuciyarsa. Majigi kuwa dole ya nuna: ga fadar da aka ƙulla wa Makau, mijin uwar Umar, sharri, ga ayari, ga rairayin Sahara. Ido ya samu abin kallo. Amma ni a wurina ciwon labarin nan yana jikin uwar Umar, wadda ta fita neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita, ba ta gan shi ba sai a Tarabulus, kuma ba ta daɗe ba ta cika. A nan littafin ya fi kama ni.

Wa zai gaya wa uwa a Magami zafin a ɗauke mata ɗa? Ta sani. Hanyar Ɗansadau, inda aka sha sace mutane, ta sani. Ga labarinmu an rubuta sama da shekara casa'in da suka wuce, amma shiga gidan kallo da daddare: ƙwallo, sai fassarar Indiya, sai ƙwallo kuma. Masu shirya fim namu suna can suna aron soyayyar wasu, alhali ga Shaihu Umar a kanta, ƙura na cin sa. Wannan ma sakaci ne. Kullum kukan babu labari, babu labari. An duba ne aka rasa?

Roƙona biyu ne. A kawo mana fim ɗin Adamu Halilu, a nuna a makarantunmu da gidajen talabijin. Mai niyyar sake shirya shi kuma, don Allah ya ba uwar nan haƙƙinta, ya tsaya a kanta har mai kallo ya ji abin da ta ji.