Leƙen Waje: Ranar da ɗan kurege ya ci kofin duniya

A wannan watan za mu ɗan ajiye labarin 'yan fim, mu leƙa wata duniya da na san da yawan ku kun san ta ta hanyar katun, wato Pokémon. Wanda bai kalli katun ɗin Pikachu ya na yaro ba, ƙila ya ga fim ɗin Detective Pikachu na 2019, wanda Ryan Reynolds ya ara wa Pikachu murya.

Amma kafin katun da fim, asalin abin wasan gem ne. Kamfanin Game Freak ne ya ƙirƙiro shi, Nintendo ya fitar da shi a Japan cikin 1996 a kan na'urar Game Boy, da dodanni 151. Yanzu sun haura 1,000. A 2006, da Diamond da Pearl su ka fito, sai ya zama ka na iya karawa da wani ta intanet ko da ya na wata ƙasa.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne ƙanena. Kwanan baya na tarar da shi ya haɗe rai, waya a hannu. Wai ya kwafi dodanni shida da su ka fi tashe, ya zuba su a tim ɗin sa, amma duk wanda ya haɗu da shi sai ya lallasa shi. Ya ce, "Yaya, ai waɗannan kowa ke amfani da su, to me ya sa ni ba na ci?" Na ce masa zauna ka sha labari.

Da farko ga yadda ake gasar. A gasar da kamfanin ke shiryawa, kowa zai zo da dodanni shida, ya ga na abokin karawar sa, sannan ya zaɓi huɗu. Bibbiyu su ke fitowa fili a lokaci guda. Kowane dodo ya na da salon faɗa huɗu kacal, kuma akwai jinsi 18: ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, lantarki na illata ruwa, shi kuma na ƙasa lantarki bai yi masa komai. Ka ga ke nan tun wajen zaɓe ake fara cin wasa ko faɗuwa.

Tunda a intanet ake yawancin karawar, kwamfuta na ƙirga komai. Manhajar Pokémon HOME ta waya na nuna jerin waɗanda aka fi ɗauka. Su ma 'yan ƙungiyar Smogon, masu nasu tsarin na faɗan ɗaiɗai, duk wata su na fitar da lissafin wasannin da aka buga a Pokémon Showdown. A wajen su, dodon da amfani da shi ya kai kashi 4.52 cikin ɗari ya shiga ajin manya da su ke kira OU. Wanda bai kai ba sai ya gangara ajin ƙasa. Wanda kuma ƙarfin sa ya yi yawa har ya hana kowa sakat, sai a kore shi daga ajin gaba ɗaya. Wannan lissafi shi na ke kira teburin yayi.

Kada ku ɗauka banza ta ke kai dodo saman teburin nan. Ɗauki Incineroar, wata damisa mai siffar ɗan kokawa. Da shigowar sa fili ƙarfin dukan abokan gaba biyu zai ragu. Ya na da wani mari da ke hana mutum motsi a zagayen farko. Ya na iya ƙara raunana ka sannan ya fice ya ba wani waje. Tun daga 2018, duk lokacin da dokar gasa ta yarda da shi, sai ka gan shi a sahun gaba. Kamar dai jarumin nan ne da 'yan kasuwa ke cewa in babu fuskar sa a fosta ba za su sayi fim ba. Ya iya aikin, shi ya sa.

To amma teburin ya na da wani sirri: kowa na kallon sa. In ka ɗauki abin da kowa ya ɗauka, ka sani kowa ya kwana da shirin ka.

A nan ne labarin Sejun Park ya shigo. A watan Agusta na 2014 aka yi gasar duniya a birnin Washington na Amurka. Tauraruwar shekarar ita ce Mega Kangaskhan, mai goyon ɗa a aljihun ciki, wadda duk dukan da ta kai sai ɗan ma ya ƙara nasa. Ana haka sai ga wannan matashi ɗan Koriya ta Kudu ya shigo da Pachirisu, wani ɗan kurege fari mai manyan kumatu. Kai jama'a! Wannan fa dodo ne da aka fi ɗauka abin ado, wanda ba a saba ganin sa a manyan gasa ba.

Ashe lissafi ya yi. Babban makamin Sejun shi ne Gyarados, wani ƙaton macijin ruwa wanda in aka ba shi zagaye ɗaya ya shirya, sai dai a yi ta kwasar gawa. Matsalar sa ɗaya: lantarki na yi masa illa ninki huɗu. Don haka ya na buƙatar mai tare masa faɗa. A shekarar, wanda aka saba ba wannan aiki shi ne Amoonguss, mai kama da laimar kwaɗi. Sai dai wuta da tsuntsaye na cin sa, ga shi tsuntsun wuta Talonflame ya cika gari, kuma hodar da ya ke jan hankalin abokan gaba da ita ba ta kama jinsin ciyawa. Shi kuwa Pachirisu ya na da salon da ake kira Follow Me, wato "biyo ni", mai jawo duka ya dawo kan sa. Sannan in an jefo lantarki, maimakon ya ji ciwo, ƙara lafiya ma ya ke yi. Dukan tsuntsu kuma bai cika damun sa ba.

A wasan ƙarshe Sejun ya haɗu da Jeudy Azzarelli na Amurka. Salamence ya sako Draco Meteor, ɗaya daga cikin manyan makaman wasan. Ɗan kuregen nan ya tare, ya shanye, ya ci ɗan 'ya'yan itacen da ke hannun sa, ya ci gaba da tsayuwa. Zauren ya kaure da ihu. Sejun ya ci biyu da nema, ya ɗauki kofi. Ɗan hakin da ka raina!

Yanzu ga inda masu ba da labarin su ke tsallakewa. Sejun bai yi watsi da teburin yayi ba. A tim ɗin sa akwai Garchomp da Talonflame, duk 'yan gaba-gaba ne a shekarar. Gurbi ɗaya ya duba, ya tambayi kan sa wane aiki ya ke so a yi masa, sannan ya nemo wanda ya dace da aikin ko da ba shi da suna. Shi ya sa Pachirisu bai zama yayi ba bayan nan. A gasar 2015 a Boston, wadda Shoma Honami na Japan ya ci, manyan fuskoki irin su Kangaskhan da Landorus ne su ka mamaye sahun gaba. Kiɗa ya canza, rawa ma ta canza.

Abin da na faɗa wa ƙanena ke nan. Teburin zai gaya maka wa za ka haɗu da shi, amma aikin da kowane ɗaya zai yi a tim ɗin ka, kai za ka zauna ka tsara. Ya tara taurari shida, duk masu kai duka, babu mai tare wa wani. Furodusoshin mu ma su ji da kyau: in ka cika fim da manyan jarumai shida kowa na son ya zama shi ne gaba, wa zai fito a yaron gida?

Ya cire biyu, ya sa masu taimako. Har yanzu ya na shan kashi wani lokacin, amma aƙalla yanzu ya kan gaya mani dalilin da ya sa aka ci shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.