Yaro ba ya jin Indiyanci, amma yana ganin wuƙar

A makon jiya wata maƙwabciyata a nan Agege ta kawo mini kukanta: ɗanta mai shekara shida kwana uku ke nan yana firgita cikin dare, ya ƙi shiga banɗaki shi kaɗai. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Da muka bi diddigi, ashe kullum yana kwance a falo lokacin da yayyensa ke kallon Crime Patrol, shirin nan na Indiya da ke kwaikwayon laifuffukan da suka faru da gaske. Sai uwar ta ce, "Ai Hajiya, ba ya jin yarensu."

A nan nake saɓawa da iyaye da yawa. Rashin jin yaren bai kare yaro daga komai ba, ya ma ƙara dagula lamarin. Jini da ihu da gawa a ƙasa ba sa neman tafinta. Abin da ke neman tafinta shi ne bayanin ɗan sanda, da nadamar mai laifi, da hukuncin alƙali, domin duk waɗannan a baki suke. Babba yana karanta fassarar da ke gudu a ƙasan allo, yana haɗa labarin. Yaron da bai iya karatu da sauri ba, wuƙar kawai ya gani, bai san an kama mai ita ba. Da ita zai kwana.

Kada a ce na tsani waɗannan finafinai. Ni kaina na yi shekaru ina bin CID, wanda ya fara tun 1998, ina jiran wurin da Daya zai ɓalle ƙofa. Maigidana ma yana da nasa ra'ayin, wai irin wannan kallo yana wasa ƙwaƙwalwa, yana koya wa matasa lura da mutane da rashin yarda da baƙo. Akwai gaskiya a ciki. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A CID ɗan sanda ne gwarzo. A Money Heist na ƙasar Sifaniya, wanda ya fito a 2017, 'yan fashin ne ake tausaya wa, har mai kallo ya riƙa yi musu fatan tsira. Saurayi ɗan shekara goma sha huɗu ya kwashe mako yana goyon bayan ɓarawo, wannan abin zama a tattauna ne da shi, ba a bar shi da waya a ɗaki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada zamansa gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana, balle a ce kisan kai yake kallo.

Abin da na gaya wa maƙwabciyata kaɗan ne. Ta duba lambar shekaru da ake nunawa a farkon shiri, 13 ko 16 ko 18. Ta sa lambar sirri a dikoda, tunda DStv da GOtv duk suna da wurin kulle tasha. Manya su jinkirta kallonsu sai ƙanana sun yi barci, a rage murya. Yaron kuma ta zaunar da shi da rana ta tambaye shi me ya gani, ta gaya masa wasan kwaikwayo ne, mutumin da ya faɗi ya tashi ya koma gida. In firgitar ta ci gaba har makonni, ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ta kai shi asibiti.