Ƙarin ƙwaƙwalwa: wa zai yi binciken a Maiduguri?

Ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ranar 10 ga Satumba, 2024 ya cinye Galtimari da Fori da Gwange, ya kuma kutsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke titin Bama. Ya shiga cibiyar masu ciwon daji, ya taɓa na'urori masu tsadar gaske, har shugaban asibitin, Farfesa Ahmed Ahidjo, ya fito neman agaji. Tun daga nan zancen duk na gyaran injina ne, kuma hakan daidai ne. Sai dai an manta da likitan da zai yi aiki da injinan, musamman mai bincike kan ƙarin ƙwaƙwalwa, cutar da ta fi kowace iya ɓoye kanta.

Da ciwon kai take farawa, mai tsanani da asuba, wani lokaci da amai. Ido ya fara dushewa. Magidanci ɗan shekara 40 da bai taɓa farfaɗiya ba ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ko mai haƙuri ya wayi gari mafaɗaci. A Galtimari, kamar ko'ina a Arewa, kemis ake fara zuwa a karɓo maganin maleriya da taifot. In bai ji ba a ce iska ce, a koma ruƙiyya da hayaƙi. Ba wanda ya hana addu'a, amma kafin a kai ga hoton MRI watanni sun shuɗe, sau da yawa ido ya riga ya tafi.

Abin takaicin shi ne ba kowane ƙari ne hukuncin kisa ba. Wanda likitoci ke kira meninjiyoma yana tsirowa ne a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, yawancinsa ba ya yaɗuwa, kuma in an cire shi da wuri mutum kan koma sana'arsa. Giliyobilastoma kuwa mugu ne. Shi ya kashe Beau Biden a 2015 da Sanata John McCain a 2018, duk da asibitocin Amurka. A 2005 likita Roger Stupp da abokan aikinsa suka nuna cewa haɗa ƙwayar temozolomid da gashin na'ura ya ƙara matsakaicin kwanan majiyyaci daga wata 12.1 zuwa 14.6. Wata biyu da rabi ke nan, amma duniyar likitoci ta ɗauke shi babbar nasara, har yau ma a kansa ake tafiya.

Galibi a Turai da Kanada aka yi wannan gwajin. Yadda cutar take a jikin Babarbare ko Bahaushe ko Bashuwa, mu ne za mu gano da kanmu.

Hanyar zama irin wannan likita doguwa ce: shekara 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki, 1 ta bautar ƙasa, sannan kusan 6 na ƙwarewa a tiyatar ƙwaƙwalwa. Latunde Odeku ya buɗe fagen a Ibadan a 1962, Farfesa Bello Bala Shehu kuma ya kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Sakkwato. Wanda ya bi sawunsu a yau yini yake yi tsakanin ɗakin tiyata da layin marasa lafiya, cikinsu har da 'yan Chadi da Kamaru da Diffa, ga masu haɗarin mota da tsakar dare. Bincike sai abin da ya rage na barcinsa, da kuɗin aljihunsa. Ranar da takardar aiki ta zo daga Saudiyya ko Ingila, da wane baki za a ce ya zauna?

Ga kuma matsalar ɗakin gwaji. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duba ƙari a madubin likita bai wadatar ba, sai an gwada ƙwayoyin halittarsa, kamar sauyin da ake kira IDH, kafin a tabbatar da irinsa. Likitan da ba shi da wannan gwaji a kusa yana ba da magani ne da rabin bayani. Asusun tallafin masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya ma da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara. Mai ƙari a ka sai dai dangi su sayar da fili.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Dakta Mahmoud Bukar Maina, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Maiduguri kafin ya wuce Sussex, ya kafa cibiyar binciken BioRTC a Damaturu a 2021 da goyon bayan gwamnatin Yobe, ana nazarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a can. Borno ta fi Yobe likitoci da majiyyata. Gwamnatin jiha da TETFund da hukumar binciken ciwon daji ta NICRAT za su iya haɗa kai su ware wa likita biyu ko uku kwana biyu a mako na bincike zalla, da albashinsu cikakke. A kuma samar da firiza mai wutar sola ta adana samfurin kowane ƙari da aka cire, da rajistar da za ta bi majiyyaci bayan sallama, a kwamfuta, a saman bene inda ruwan Alau bai kai ba.