DANDALIN NA'URA: Ranar da talabijin ɗin Alhaji ya ƙi karɓar fim ɗin mu

Na san na yi maku alƙawarin a wannan fitowar zan yi bayani a kan ɗaukar murya a lokeshin. To ku yi mani afuwa, wani abu ne ya faru a gaban ido na wanda na ga bai kamata in bar shi ya huce ba.

Akwai wani ƙane na, ɗan ƙanwar mahaifiya ta, wanda fim ya shiga ran sa tun ya na sakandare. Shi ba fitowa ya ke so ya yi a gan shi ba, tacewa ita ce burin sa. Ya tara kuɗi ya sayi laftof 'yar tokumbo, irin mai nauyin nan ta masu buga gem, ya goge Windows ya ɗora mata Ubuntu. Ga wanda bai sani ba, Ubuntu ɗaya ce daga cikin manhajojin gidan Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Ita Ubuntu ta fito ne a 2004. Kyauta ake sauke ta, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe ya ke, kowa na iya dubawa ya gyara. Tun da Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, duk mai tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi ya na da dalilin waiwayar ta. A kan ta ne yaron nan ya tace wani gajeren fim na minti ashirin da manhajar Kdenlive, har da fassarar Turanci a ƙasan hoto.

Da ƙyar da jiɓin goshi aka samar masa ganin wani Alhaji da ke son zuba jari a harkar. Alhaji ya ce a zo bayan la'asar, awa ɗaya gare shi, don washegari zai yi tafiya. Ni aka ɗauka ɗan rakiya. Mu ka shiga falo, ga talabijin nan rabin bango. Yaro ya zaro wayar HDMI ya jona, ya gyara tsayuwa. Shiru. Allo baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu da ke yawo a kai: No Signal.

Kai, na ga zufa ran nan! Ga iyakwandishan na aiki amma rigar sa ta jiƙe. Alhaji ya leƙa fuskar laftof ɗin ya ce, "Wannan wace irin Windows ce haka?" Yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, Linux ce." Alhaji ya taɓe baki ya ce ai dama abin kyauta bai cika ƙarko ba. Na so in gaya masa cewa kamfanin Digital Domain da kwamfutocin Linux ya haɗa wani ɓangare na siddabarun fim ɗin Titanic na 1997, amma na ga wanda fim ɗin sa ya ƙi fitowa ba shi da bakin kawo tarihi. Yaron ya matso ya raɗa mani, "Yaya, don Allah ka yi wani abu."

To mai karatu, ga yadda mu ka bi abin, don wata rana kai ma za ka iya tsintar kan ka a falon wani Alhajin.

Kafin ka zargi manhaja, ɗauki rimot. Talabijin ɗin yanzu ya kan zo da kafar HDMI biyu, uku, har huɗu, kowace da lambar ta. In ka soka waya a ta biyu amma talabijin na sauraren ta farko, ko shekara za ku yi ba za ku ga komai ba. Danna Source ko Input ka zaɓi daidai. Mun yi, ba canji. Sai na cire wayar dikodar Alhaji, wadda mu ka san ta na aiki don da ita mu ka tarar ya na kallon labarai, na jona a laftof. Nan ma shiru. Ka ga ke nan waya ta fita daga zargi, talabijin ma ya fita. Wannan dabarar ta musanya abu ɗaya a lokaci ɗaya ta fi duk wani umarni da zan koya maka a nan. Daga nan mu ka danna maɓallin nan mai tambarin Windows tare da harafin P, wanda a Ubuntu shi ke juya hoto tsakanin allon ciki da na waje. Mu ka shiga Settings, mu ka buɗe Displays. Allo ɗaya tak ta nuna, nata na kan ta. Wato kwamfutar ba ta ma san an jona mata wani abu ba.

A nan ne aka zo wurin da mutane ke tsoro, wato baƙin akwatin nan da ake kira Terminal. Ba dodo ba ne. Danna Ctrl da Alt da T tare, zai buɗe. Ka rubuta xrandr ka danna Enter. Zai jero maka duk kafofin hoton da kwamfutar ta sani, kowace da connected ko disconnected a gaban ta. Wanda ka ga an rubuta eDP-1, allon laftof ɗin ne. Mu da mu ka rubuta sai ga wani suna, XWAYLAND0, shi kaɗai.

Bari in ɗan tsaya a nan, don wannan ya rikita mutane da yawa. Linux na da hanya biyu ta zana hoto a allo: tsohuwa mai suna Xorg da sabuwa mai suna Wayland. Shi xrandr ɗan gidan Xorg ne, a Wayland ba ya iya sauya komai. Tun daga fitowar 21.04 Ubuntu ta ke tashi da Wayland a yawancin kwamfutoci. In ka na son sanin inda ka ke, rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE, zai ba ka amsa da kalma ɗaya. A Ubuntu 22.04, wadda ke kan kwamfutar yaron, da kuma 24.04, in ka fita zuwa inda ake sa kalmar sirri akwai wani ɗan tambarin giya a kusurwar ƙasa, a nan za ka zaɓi Ubuntu on Xorg. Daga 25.10 kuwa an cire wannan zaɓin, don haka kada ka ɓata lokaci ka na neman sa. Sai ka rubuta grep . /sys/class/drm/*/status, wanda ke faɗa maka gaskiyar kowace kafa ko a wace hanya ka ke.

Mu ka koma Xorg mu ka sake tambaya. Abin mamaki, sam babu HDMI a cikin jerin. Ga kafa a jikin kwamfuta mu na kallon ta da ido, amma manhaja ta ce ba ta san da ita ba. Sai ido na ya kai kan wata 'yar koriyar sitika kusa da kibod: Nvidia. Nan take na gane inda gizo ke saƙa.

Irin waɗannan laftof ɗin masu ƙarfi injin hoto biyu gare su. Akwai ƙarami na Intel mai lallaɓa batir, akwai babba na Nvidia mai shan wuta kamar dutsen guga. A da yawa daga cikin su, kafar HDMI ba da ƙaramin aka haɗa ta ba, kai-tsaye ta ke zuwa wurin babban. In babban na barci, kafar ma ta mutu. Na rubuta prime-select query, ya amsa: intel. Na dubi yaron. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni na kashe shi tun watanni, saboda rashin wuta, don batir ya riƙa kai ni dare." Ka ji fa! Ba laifin Linux, ba laifin talabijin. Shi da hannun sa ya rufe ƙofar, ya manta. Mu ka rubuta sudo prime-select nvidia, ya sa kalmar sirri, mu ka kashe mu ka kunna. Kafin ta gama tashi sai ga hoto ya cika bangon Alhaji.

In ka gwada wannan aka ce maka babu prime-select, to direban Nvidia ne ba a saka ba. Ka nemi Additional Drivers ka zaɓi wanda aka ba da shawara, amma wannan sai da intanet, kuma ba aikin da za ka fara a gaban mai kuɗi ba ne. In ka saka kuma ya ƙi tashi, sau da yawa Secure Boot ne ya tare shi.

Murna ta koma ciki da fim ya fara. Jaruma na kuka a ƙaton allo, muryar ta kuwa na fitowa daga 'yar sifikar laftof kamar kukan sauro. Wannan mai sauƙi ne: Settings, sai Sound, a wajen Output ka zaɓi wanda ke da HDMI a sunan sa. Sai kuma fassarar Turanci, rabin layin ƙasa ya nutse. Yaro ya ɗauka shi ya yi kuskure wurin tacewa. Ba shi ba ne. Wata tsohuwar ɗabi'a ce talabijin ya gada tun zamanin mai ƙusumbi, ya kan ɗan buɗa hoto ya yanke gefuna. A rimot ake gyarawa, wajen girman hoto. A LG sunan sa Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen.

Akwai wani abu guda da ni na lura da shi, Alhaji bai lura ba, amma ku masu son zama editoci ya kamata ku sani. Duk inda kyamara ta juya a hankali sai hoton ya riƙa ɗan tuntuɓe. Yaron ya ɗauki fim ɗin sa da hoto 25 a daƙiƙa, ma'aunin da mu ka gada daga tsarin PAL. Kwamfuta kuwa ta na aika wa talabijin hoto sau 60 a daƙiƙa. Raba 60 da 25 ka gani, ba ya rabuwa daidai, dole wani hoton ya daɗe a allo fiye da wani, shi ne tuntuɓen. Shiga Displays, wajen Refresh Rate, ka mayar da shi 50. Kowane hoto sai ya fito sau biyu cif, tafiya ta miƙe sumul. Na sha ganin edita ya zauna ya na sake fitar da fim sau uku ya na zagin kwamfutar sa, alhali wannan 'yar lambar ce kawai.

Ku kuma masu tsohuwar monita ko majigi mai shuɗiyar kafar VGA, taku matsalar daban ce. VGA tun 1987 ta ke, allura 15 gare ta, kuma ba ta ɗaukar murya ko kaɗan, sai ka nemi wayar sifika daban. Ta allura ta 12 da ta 15 ne monita ke gaya wa kwamfuta girman hoton da ta ke iya ɗauka. In ɗaya ta lanƙwashe, ko wayar ta arha ce da ba a haɗa su ba, sai kwamfuta ta yi ta lalube ta ba ka 1024x768, fuskar jarumi ta baje kamar faranti. Haska tocilan ka duba allurorin kafin ka taɓa komai. In kuma ka ga layuka na rarrafe a hoto, zare cajar laftof ka gani. In sun ɓace, daga wuta ne, musamman in janareta ne ko soket marar wayar ƙasa. Sannan 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA hanya ɗaya ta ke bi. Wadda aka yi don laftof mai HDMI ba za ta yi wa laftof mai VGA aiki ba, ko da mai shago ya rantse maka. Haka kafar USB-C, ba kowace ke fitar da hoto ba, wata caji da fayil kawai ta sani. Duba gefen ta, in akwai alamar walƙiya ta Thunderbolt ko tambarin DisplayPort, to ta na yi.

Duk wannan dambarwar ta cinye mana kusan minti ashirin da biyar daga awar Alhaji. Ya kalli fim ɗin har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya sa aka maimaita masa fitowar da uwa ke sallamar ɗan ta a tasha. Da mu ka tashi ya ce wa yaron, "Ɗan samari, in na dawo ka kawo mani labarin dogon a rubuce." Bai yi alƙawarin ko sisi ba tukuna, amma ya karɓi lambar sa.

A hanyar mu ta komawa, a cikin A Daidaita Sahu, yaron ya buɗe kwamfutar ya ga batir ya kusa ƙarewa. Na ce ya sa ta a sudo prime-select on-demand, wanda ke barin babban injin ya huta sai an buƙace shi, kuma da direbobin yanzu ya kan bar HDMI ta yi aiki. Ya gwada a talabijin ɗin maƙwabcin su a daren, ya bugo mani waya ya ce ta yi.

Maganar ɗaukar murya kuma sai a fitowa ta gaba.